Tafiyar Marka Daga Gagarawa Zuwa Taron Direbobi A Maigatari

 Ga damuna ta sake sauka, hadari yana haɗuwa kusan kowane yammaci, bukukuwa da gaishe-gaishe kuwa ba su fasa ba. Don haka na ga ya kamata yau in ba ku labarin wata tafiya da muka yi cikin watan Agusta na 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a Jihar Jigawa. Tafiya ce wadda da rani ba ta cin rabin yini, amma mu sai da muka kwana a hanya. Tun daga ranar nan na daina ɗaukar zancen mota da hanya a kan zancen maza su kaɗai.

Ga abin da ya fitar da mu. Autan ɗakinmu ya yi shekara shida yana yaron mota wajen wani direban babbar mota mai ɗaukar shanu daga Maigatari zuwa kudu. Da maigidan nasa ya ga hannunsa ya faɗa, ya kuma sami lasin, sai aka sa ranar yaye shi, watau ranar da za a danƙa masa makullin mota a gaban manyan direbobi, a yi addu'a, a raba goro. Aka zaɓi Alhamis domin ita ce ranar kasuwar Maigatari, ranar da kusan duk direban wannan yanki yake can. Tsofaffin direbobi kuma suka ƙulla a tsakaninsu, kowa ya zo da tsohuwar motarsa a jera, wai a ga wadda ta fi lafiya. Yayanmu, wanda ya daɗe yana tuƙi kafin ya buɗe garejin gyaran mota a Kano, ya ce ko ana ruwan ƙanƙara sai ya je da fijonsa.

Fijon nan tasa 504 ce, doguwa, mai kujeru layi uku, irin waɗanda suka cika tashoshinmu a da. Ku 'yan makaranta ba ku san zamaninta ba, amma ku tambayi iyayenku. Tun 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, har ya zama in an ce mota a ƙasar Hausa, fijo ake nufi. Sunan da ta yi na jure wahala kuwa a laka ta samo shi. Akwai wani tseren motoci da ake kira Safari a ƙasashen Afirka ta Gabas, wanda aka fara a 1953, a da kuma lokacin ruwan sama ake yinsa. A 1963 motoci 84 suka tashi, 7 kaɗai suka ƙarasa, ta farkonsu kuwa fijo 404 ce. A 1975 kuma 504 ta ci. Yaya ya haddace wannan labari kamar karatun allo, kuma ina jin shi ne ya ba shi ƙarfin halin da ya kusa ja mana wahala.

Da maigidana ya yi mini izini, muka tashi daga Kano ranar Laraba da hantsi. Mu biyar ne a motar: Yaya, da matarsa, da 'yarsu mai shekara 17 wadda take makarantar sakandare, sai ni da ɗana mai shekara goma. Shirinmu shi ne mu biya ta ƙauyenmu a ƙasar Gagarawa mu ɗauki Inna, mu kwana Gumel, da safe mu ƙarasa Maigatari. Daga Kano zuwa Gumel kimanin kilomita 120 ne, daga Gumel zuwa Maigatari kuma ɗan tattaki ne ga mai mota. Muka bi ta Yankaba da Jogana da Gezawa, muka sha ruwa a Gujungu, duk a kan kwalta, ba abin da ya dame mu sai ramuka da ruwa ya ɓoye. Bayan azahar muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙauye.

Wadda ba ta san ƙasar Gumel ba, bari in ɗan kwatanta mata. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta rairayi, shimfiɗaɗɗiya, babu manyan koguna irin na wajen Haɗeja. Da marka kuwa ba ki taɓa ganin kyau irin nata ba, gero ya fi mutum tsawo, ga riɗi da gyaɗa da wake da zoɓo kore shar har iyakar ganinki. Abin da baƙo ba ya sani shi ne, a irin wannan ƙasa ruwan sama yana gyara hanya. Rairayin da yake kafe mota da rani, in ya jiƙe sai ya daddale, taya ta kama shi sosai. Wannan daɗin shi ne yake yaudarar direba. Domin tsakanin jigawa da jigawa akwai kwari, inda ruwan gonaki duka yake gangarowa, ƙasar wurin kuwa laka ce mai santsi. Sai ki yi tafiyar rabin awa lafiya lau, ki manta da damuna ake, sa'an nan ki faɗa kwari ɗaya ya riƙe ki har dare.

Mun tsallaka dogon jirgin ƙasa kusa da Gagarawa, wanda ya tashi daga Kano ya isa Nguru tun 1930. Inna takan ce a zamanin ƙuruciyarsu ba wanda yake damuwa da laka, don in tafiya ta kama da damuna jirgi ake shiga, tare da buhunan gyaɗa. Mu dai ranar nan ciyawa muka gani ta rufe dogon.

A gida aka yi mana abin da kuka sani. Gaisuwa gida gida, ga dambu, ga fura, ga wance ta haihu sai an leƙa, ga wane ya rasu sai an yi ta'aziyya. Kafin mu ɗora kayan Inna har an yi la'asar, gabas kuma ta yi baƙi ƙirin. A nan ne Yaya ya ce ba zai koma ta inda muka zo ba, akwai yanke da ya sani tun yana saurayi wanda zai fitar da mu kan hanyar Gumel kafin magariba. Inna ta ce, "Kai dai ka bi ta inda mutane suke bi." Ya ce, "Haba Inna, wannan motar ai ba ta san laka ba." Ni da matarsa muka yi shiru. Ba don mun yarda ba, sai don mun saba ɗauka cewa in ana zancen hanya, mace ba ta da ta cewa.

Ba mu yi nisa ba iska ta taso, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Waifa tana aiki amma ko bakin motar ba a gani. Yaya ya tsaya a fili ya kashe inji. Ɗana ya nuna wata babbar tsamiya ya ce mu fake a ƙarƙashinta, kawun nasa ya ce a'a. Ku riƙe wannan, 'yan'uwa. In ana tsawa, cikin mota mai rufin ƙarfe ya fi gindin itace aminci nesa ba kusa ba, ga kuma reshe yana iya karyewa ya faɗo. Kashe injin ma da dalili. Hayaƙin da ke fita ta salansa yana ɗauke da wata guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, in mota tana tsaye an rufe gilasai, musamman tsohuwa mai hujoji a ƙasa, yana iya shigowa ya sa mutane barcin da ba a tashi. Yara ƙanana su ne yake fara kamawa. Gara a sha zafi, ko a ɗan sassauta gilashi feshi ya shigo.

Da ruwa ya tsagaita muka ci gaba a hankali, har muka iso wani kwari. Hanyar ta ɓace. Maimakonta sai ruwa ja yana gudu daga hagu zuwa dama, yana ɗauke da kara da kashin shanu. Faɗinsa bai fi tsakar gida biyu ba, ana ma hangen inda hanyar ta ɓullo a wancan gefen. Yaya ya sa giya zai shiga. Inna ta buɗe ƙofa ta sauko da ƙafa ɗaya, ta ce in ya ga dama ya shiga, amma ita da jikokinta a nan za su tsaya. Dole ya haƙura.

Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da ta yi shi ne abin da masana suke faɗa. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum. In ya kai ƙafa ɗaya, watau inci 12, yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita, in ya kai ƙafa 2 kuwa har manyan motocin shiga daji ba su tsira ba. Dalili shi ne mota kamar ƙwarya take, ciki iska ce, da ruwa ya ɗan ɗaga ta tayoyi sun rabu da ƙasa, daga nan sitiyari da birki duk ba su da amfani. Daɗin daɗawa, ba ki san abin da ke ƙarƙashin jan ruwa ba, ko hanyar tana nan ko ta zaizaye. Abin da ke taimakon mutum a ƙasar jigawa shi ne irin wannan ruwa ba ya daɗewa. Mun zauna wajen awa biyu muna kallonsa yana ja da baya, muka yi sallar magariba a kan tabarmar Inna. Can wani yaro makiyayi ya zo da sandarsa, ya shiga yana dogarawa har ya haye ya dawo. Ruwan ya tsaya masa ƙasa da gwiwa, ya kuma daina gudu.

Muka shiga. Saura kaɗan mu fita sai injin ya yi tari ya mutu, tayoyin baya kuma suka nutse cikin laka har kusan rabi.

Ni da na ce a sake tayar da ita maza-maza, sai Yaya ya daka mini tsawa kamar muna yara. Ashe in mota ta mutu cikin ruwa, babban kuskure shi ne a yi ta murɗa makulli. Inji da iska yake numfashi, in ya zuƙi ruwa aka tilasta shi juyawa, ƙarafan cikinsa ne za su lanƙwashe, gyaran kuwa ya kusa kuɗin wani injin. Ya buɗe gaban motar, 'yarsa ta riƙe masa tocila, ya duba inda iska take shiga ya tarar a bushe. Allah ya taimake mu, wayoyin fulogi ne kawai suka jiƙe. Sai dai duk tsumman da ke motar ya sha ruwa. Yarinyar nan ta buɗe jakarta ta ciro sabon ɗankwalin da ta ƙulle cikin leda don bikin gobe, ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana gogewa, uban yana nuna mata. Na lura duk abin da ya ambata ta san shi, ba ta tambaya. Mota ta tashi.

Saura fita daga laka. Hasken fitilarmu ya jawo wasu manoma biyu daga wani ƙauye da ke kusa, ga kuma makiyayin nan. Suka saro rassan sabara aka cusa ƙarƙashin tayoyin baya, Yaya ya rage wa tayoyin iska don su ƙara faɗi su kama ƙasa. Aka ce kowa ya sauka ban da Inna, ita aka mai da ita kujerar can baya, domin 504 da tayoyin baya take ja, ana son nauyi a kansu. Inna ta ce yau ta zama buhun gero. Mutum uku suka tura, Yaya yana ciki, motar ko motsi. Ta yi nauyi, sai an sami na huɗu mai ƙarfi wanda zai ɗaga bayan yana turawa, duk wurin kuwa ba wanda ya kai Yaya ƙarfi. To, in ya fita, wa zai zauna a sitiyari? Manoman nan ba su taɓa tuƙi ba.

Ya dubi matarsa. Shekara 22 tana auren direba, ta wanke kayan aikinsa masu baƙin mai ba adadi, amma ba ta san wanne ne birki wanne ne kuloci ba. Ya dube ni. Ni da nake koyarwa a makaranta, nake tsayawa gaban allo ina yi wa yara bayanin yadda duniya take juyawa, na sunkuyar da kai. Wallahi 'yan'uwa ban taɓa jin kunya irin ta daren nan ba. Ga dare, ga sauro, ga hadari yana sake haɗuwa, in kuwa aka ƙara ruwa kwarin nan cika zai yi da motar a ciki.

Sai muka ji ƙaramar murya ta ce, "Baba, zan iya." Ashe in ta kai masa abinci gareji ran Asabar, takan zauna ta ga yadda yaransa suke matsar da motoci, har wani lokaci ya bar ta ta gyara wa wata tsayuwa a cikin fili. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce ta shiga. Ya ce ta sa giya ta biyu, kada ta sa ta ɗaya, ta saki kuloci sannu sannu, kada ta danna totur da ƙarfi, don in taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya rami take haƙa wa kanta. In motar ta motsa kuma kada ta tsaya sai ta hau tudu.

Karo na farko ta saki kuloci da sauri, motar ta mutu. Karo na biyu ta ba da wuta da yawa, tayoyi suka yi feshi, farar rigar da Yaya ya ɗinka don taro ta koma ja tun daga wuya har ƙasa. Na ga hannunta yana rawa a kan sitiyari. Na leƙa ta taga na ce ta yi bismillah, ta ce, "Gwaggo, na yi sau bakwai." A karo na uku motar ta yi nishi, ta ɗan ja baya, ta yunƙura, sai ga ta tana hawa tudu, mu kuma muna bin ta da gudu cikin caɓi, Inna tana salati daga can baya.

Lokacin an daɗe da yin lisha, Yaya kuma ya sauko daga dokin girman kai. Manoman suka ce gaba akwai kwari biyu da suka fi wannan, mu zo mu kwana. Aka kai maza zaure, mu kuma matan gidan suka shigar da mu ɗaki, suka hura wuta muka shanya zannuwa, aka kawo tuwon gero da miyar tafasa. Ban taɓa sanin sunan ƙauyen ba kafin ranar, amma karamcin da aka yi mana ko a gidan dangi sai haka.

Hirar da muka yi da matan nan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ni ina ba da labarin wahalarmu kamar wani abin al'ajabi, sai uwargidan ta yi murmushi ta ce mu ai da ƙafafunmu muke, da lafiyarmu. Ta ce in marka ta kama, mace kuma naƙuda ta zo mata da gardama ko jini ya ɓalle, a amalanken shanu ake shimfiɗa ta a bi kwarurrukan nan har bakin kwalta, sa'an nan a fara neman mota. Wata ta kai, wata ba ta kai ba. Ta ƙirga mini na unguwarsu da yatsu, ban kuwa so in maimaita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya duka, a Nijeriya suke. Cikin dalilan da ake lissafawa kullum akwai jinkirin isa asibiti. Saboda haka ne a Jigawa aka kafa shirin nan mai suna Haihuwa Lafiya, aka kuma jawo 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin aikin, ana koya musu alamun haɗari ga mai ciki, don in an buga musu waya ko da tsakar dare su zo su ɗauka. Shiri ne mai kyau. Amma direba komi kirkinsa, sai inda hanya ta bar shi ya kai. Ashe kwalbati guda a kan kwari, wanda mu matan birni muke wucewa ba mu ko kallo, ran wata ne. In 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a suna raba atamfa da sabulu, wannan ne abin da ya kamata matan ƙauye su fara tambaya, mu kuma mu taya su.

Da asuba wani yaro ya hau gaba ya nuna mana hanyar da amalanke suke bi ta kan tudu. Rana tana fitowa muka hau kwalta. A Gumel mai faci ya mayar wa tayoyi iskarsu, domin tayar da aka rage wa iska in aka yi gudu da ita a kan kwalta zafi take yi ta fashe. Yaya ya ari riga wajen wani abokinsa, muka kama hanyar Maigatari.

Wadda ba ta taɓa ganin Maigatari ran Alhamis ba, ta yi ƙoƙari ta je ko sau ɗaya. Gari ne a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kasuwarsa ta dabbobi kuwa tana cikin manya a Afirka ta Yamma. Raƙuma, da shanu, da tumaki, da awaki, da dawaki, da jakuna, ga manyan motoci sun yi layi ana loda shanu zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. A gefen tasha aka kafa rumfa. Direbobi sun zo daga Gumel da Sule Tankarkar da Haɗeja da Kano, har da na tsallaken iyaka. Tsofaffin motoci sun jeru an wanke su tas, fijo a-kori-kura, da Land Rover, da wata tsohuwar gingimari mai bodin katako. Tamu ce kaɗai ta zo da laka har rufi, Yaya kuwa ya hana a wanke, ya ce shaida ce. Aka yi addu'a, maigidan autanmu ya yi masa nasiha a kan gudu da barci da haƙƙin fasinja, ya miƙa masa makulli. Inna ta yi kuka, mu ma muka taya ta.

Kafin azahar labarin daren jiya ya zaga rumfar. Muna daga gefen mata muna jiyo su. Wasu suna dariya, wai Yaya ya tsufa har 'ya mace ce take fitar da shi daga laka. Wani ya ce shi ko kusa ba zai bar 'yarsa ta taɓa sitiyari ba, daga nan sai ta fi ƙarfin miji. Sai wani dattijo, wanda aka ce ya fi kowa daɗewa a kan hanya, ya tambaye shi, in da shi ne a kwarin nan da uwarsa a cikin mota, zai zaɓi ruwa ya cinye ta ke nan? Ba a ba shi amsa ba. Ya sa aka kira yarinyar, ya ba ta goro da kuɗin sabon ɗankwali.

Masu ganin abin baƙo ne, ga tarihi. Tafiya mai nisa ta farko da aka taɓa yi da mota a duniya, mace ce ta yi ta. A watan Agusta na 1888, Bertha Benz, matar Bajamushen nan Carl Benz da ya ƙera mota, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ta tafi ganin mahaifiyarta daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar fiye da kilomita 100, a kan hanyar keken doki. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta zare dattin. Da birki ya cinye, wajen baduku ta tsaya ya lanƙaya masa fata. Mai kuwa a kantin magani ta saya, don babu gidan mai a lokacin. Ta dai fita ba da sanin mijinta ba, wannan kam ban ce ku yi koyi da ita ba.

Ga kuma wanda ya taɓo ƙasarmu. A watan Mayu na 1974 aka yi wani tseren motoci daga Landan zuwa Munik ta ƙasar Jamus, albarkacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta shekarar. Hanyar ta ratsa hamadar Sahara, ta bi ta Tamanrasat da Agadas har Kano, sa'an nan ta juya arewa. Motoci da yawa suka ɓata a hamadar Aljeriya, 19 suka isa Munik, cikinsu kuma 5 kaɗai suka bi hanyar duka ba tsallake. Motar da ta zo ta biyu 504 ce irin ta Yaya, masu tuƙa ta kuwa mata biyu ne 'yan Faransa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni. Ta huɗu ma mata ne. Ko ƙasar Saudiyya, wadda ta daɗe tana hana mata tuƙi, ta ɗage hanin a watan Yuni na 2018.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce 'yan mata su bar karatu su tafi tasha ba, ban kuma ce su shiga wasan motar nan na ganganci da samari suke yi wajen biki ba, wanda ya sha raunata mutane. Doka ma ba ta ba da lasin sai an cika shekara 18, kuma tun da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988 ake ta jan kunne a kan ba yara mota a titi. Yarinyarmu taku ashirin ta ja motar, a daji, ubanta yana tsaye. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Maigidan da yake da mota ya ɗauki yamma ɗaya ya nuna wa matarsa da 'ya'yansa mata yadda ake tayar da ita da yadda ake kashe ta, ina birki, ina ake zuba ruwa, me ya sa ba a buɗe murfin lagireto in inji ya yi zafi, yaya ake kafa jak. Wadda gidansu ba mota, ta san aƙalla abin da za ta ce wa direba. Kuɗinki kika biya, ranki ne a ciki, in kika ga zai shiga ruwa mai gudu ki ce ya tsaya ki sauka, ko da sauran fasinja za su yi miki tsaki. In tafiyar ƙauye ce da damuna a fita da sassafe, don hadarinmu ya fi haɗuwa da yamma. A sa tocila da ruwan sha da gidan sauro a jaka, a ƙulle zane ɗaya busasshe cikin leda, a kuma gaya wa na gida hanyar da za a bi, domin a kwarin da muka kafe ko ɗigon sabis babu a wayoyinmu.

Da za mu koma Kano ran Juma'a, ba wanda ya ambaci yanke. Bayan mako biyu na sami maigidana da maganar, ya yi dariya tukuna, sa'an nan ya fara kai ni filin makaranta ran Asabar da yamma. Na kashe masa mota ya fi sau hamsin, na kuma taɓa tura masa ita cikin shingen makarantar, kafin in sami lasin a 2023. Matar Yaya ta ce ita tsoro take ji, amma yanzu ta iya duba baƙin mai da ruwan lagireto. Inna kuwa har yau ba ta yarda ta shiga motar da nake tuƙawa ba. Ta ce in dai ba jikarta ce a sitiyari ba, a nemo mata direba.